Siririn layi da mahaɗa: yadda inji ya koyi kwaikwayon alƙalami

Akwai wani nau'in haruffan boko da kusan kowa ya san shi da ido ko da bai san sunansa ba. Su ne waɗannan da ke tsaye a karkace, kowane harafi ya miƙa layi ya kamo na gabansa, manyan baƙaƙen kuma suna jan jela mai lanƙwasa. Su ake gani a kwalbar turare, a katin gayyatar biki, a takardar shaidar kammala karatu, a goshin shagon gwala-gwalai. Mai kallo yakan ɗauka wani gwani ne ya zauna da alƙalami ya rattaba. Galibi ba haka ba ne. Shiryayyun haruffa ne, an zana kowanne tun da daɗewa an adana, kwamfuta tana jero su yadda take jero kowane irin harafi. A nan zan riƙa kiransu haruffan alƙalami.

Rikicin da ke cikin lamarin tun asali shi ne, hannu ba ya rubuta harafi ɗai-ɗai. Kalma yake rubutawa. Yana kan harafi yana hango na gaba, yana gyara fitarsa don ta dace da shigar wancan. Ɗab'i kuwa an gina shi ne a kan akasin haka: kowane harafi da gidansa, ba ruwansa da maƙwabci, a ɗauke shi daga nan a kai can ya zauna daram. Duk tarihin haruffan alƙalami, shekara ɗari biyar, ƙoƙarin sulhunta waɗannan biyun ne. Kuma kyawunsu gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu biyu masu rauni, siririn layin da bai fi silin gashi ba, da mahaɗar da ke tsakanin harafi da harafi. Wanda ya gane wannan, sauran ƙa'idojin amfani da su ba sai an haddace ba, da kansu suke fitowa.

Bakin alƙalami ne ke yanke hukunci

Kafin a je ga inji sai an fara da alƙalamin, domin siffar harafi daga bakinsa take. Alƙalami mai faɗin baki, wanda aka yanke kansa a miƙe, kaurin layinsa ya dogara ne da inda aka nufa da shi. A riƙe shi a kusurwa ɗaya, in an ja ƙasa ya ba da layi mai kauri, in an ja ta gefen bakin ya ba da siriri, ba tare da an danna komai ba. Da irinsa marubutan fadar Fafaroma a Roma suka yi rubutun da ya zama uban haruffan da ke karkace. A 1501, a Venis, Aldus Manutius ya buga littafi da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa masa a kan wannan salo, a 1522 kuma Ludovico degli Arrighi, marubuci a wannan fada, ya fitar da ɗan littafin koyar da shi. Shiryayyun haruffan Zapf Chancery na 1979 da Poetica na 1992 jikokin wannan rubutu ne. Haruffansu ba kasafai suke haɗuwa sosai ba, kusantar juna suke yi, shi ya sa suka fi sauƙin karantawa.

Ɗaya alƙalamin mai tsinin baki ne, da tsaga a tsakiya. Shi kaurinsa daga dannawa yake. In hannu zai yi sama sai a sassauta, bakin ya rufe, layi ya fito siriri ƙwarai. In zai sauko sai a danna, tsagar ta buɗe, tawada ta malalo, layi ya kumbura a tsakiya ya sake tsukewa a ƙarshe. Wannan kumburi da tsukewa su ne abin da ido ke kira ƙawa a yau.

Sai dai akwai hannu na uku a ciki da ake yawan mantawa da shi, wato na mai sassaƙa a farantin jan ƙarfe. A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18, malaman rubutu irin su Charles Snell da George Shelley sukan rubuta samfuri da alƙalamin gashin tsuntsu, sai a kai wa masassaƙi ya kwafe shi a faranti, a juye, don a buga. Tsinken masassaƙi yana iya fitar da layin da ya fi na alƙalami sirantaka, yana iya zagaya da'ira ba gargada. Sai ɗalibai suka koma kwaikwayon bugun, ba rubutun malam na asali ba. Mafi shahara cikin irin waɗannan ayyuka shi ne The Universal Penman na George Bickham, wanda ya fito kashi-kashi a Landan tsakanin 1733 da 1741, da faranti sama da 200. Har yau masu zana haruffa can suke komawa ɗiba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, wannan rubutu da yanzu ake manna wa kayan alfarma, a zamaninsa rubutun akawu ne. An ƙirƙire shi don ya yi sauri, ya karantu, a rubuta rasit da lissafin kaya da wasiƙar ciniki. Yaron da ke neman aiki a kantin 'yan kasuwar Landan shi yake koya. Da aka fara ƙera bakin alƙalami na ƙarfe da yawa a Birmingham a shekarun 1820, ya ƙara bazuwa. A Amurka Platt Rogers Spencer ya fitar da nasa salon, mai ƙarancin dannawa da yawan lanƙwasa, ya zama rubutun makarantu da ofisoshi har farkon ƙarni na 20. Tambarin Coca-Cola daga nan ya fito, kuma Frank Robinson da ake danganta masa shi mai riƙe littafin kuɗin kamfanin ne. Sai da keken rubutu ya ƙwace aikin ofis, rubutun ya rasa sana'arsa, sannan ya koma ado. Darajar da yake da ita a yau ta samu ne bayan ya daina zama abin yau da kullum.

Bayan na faɗin baki da na tsinin baki, akwai dangi na uku, na buroshi, waɗanda suka fito daga hannun masu rubuta allon shago da tallar jarida. Brush Script na Robert E. Smith, 1942, shi ne sanannensu. Su ba alfarma suke nunawa ba, fara'a da hanzari ne.

Yaƙi da dalma

Yanzu a duba abin da ya faru da aka ce a zuba rubutun alƙalami a dalma. Harafin ɗab'i na da ɗan guntun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, harafin yana bisa kansa, ana jera su gefe da gefe kamar tubali. Harafi miƙaƙƙe yana zama a gidansa lafiya. Amma rubutun Ingila yana kwance ne a kusurwar da ta kai digiri 55 daga layin da haruffa ke zaune a kai. Harafin f, alal misali, kansa ya leƙa gidan maƙwabcin dama, jelarsa ta shiga ƙarƙashin na hagu. Dole a zuba shi da ɓangarorin da suka zarce jikin ƙarfen suna reto a iska, su kwanta a kafaɗar maƙwabci. Da injin bugu ya danna da ƙarfi, sai su karye. Wasu maƙeran suka koma zuba jikin ƙarfen kansa a karkace, wanda ya tilasta a yi ƙarfen tazara na musamman da na toshe bakin layi. Aiki ya ninka, tsada ta ƙaru.

Mahaɗa ta fi wannan ciwo. Don layi ya zarce daga harafi zuwa harafi ba yankewa, dole siririn layin ya kai har bakin ƙarfen, ya haɗu da na gaba daidai wa daida. Wurin nan shi ne ya fi saurin cinyewa. Bayan 'yan bugu kaɗan sai ka ga farin tsagi ya bayyana tsakanin haruffa, asirin ya tonu. Ga kuma matsalar da ba ta ƙarfe ba, ta rubutun kanta: haruffa irin a da n da u suna ƙarewa a ƙasa, layinsu ya hau zuwa na gaba, amma o da b da v da w a sama suke ƙarewa. Hannu ya san yadda zai sauya shigar harafin da ke biye. Ƙarfe bai sani ba. Mai zana haruffa sai ya nemi wuri ɗaya da kowane harafi zai miƙa wa kowane harafi, ashirin da shida sau ashirin da shida, wato haɗuwa 676 a ƙananan baƙaƙe kaɗai, ba a zo ga manya ba.

Duk da haka an yi. Robert Granjon ya zuba rubutun hannun Faransawa a Liyon a 1557. Kamfanin Stempel na Jamus ya fitar da Künstler Script a 1902, Stephenson Blake na Ingila ya fitar da Palace Script a 1923. A ganina wanda ya fi kowa dabara a zamanin dalma shi ne Roger Excoffon, da Mistral na 1953 a maƙerar Olive ta birnin Marsai. Daga rubutun hannunsa ya ɗauko shi. Ya bar gefen layukan da kaushi, ya bar haruffan suna ɗan hawa da sauka, ta yadda ido ba ya iya nuna inda wani ya ƙare wani ya fara. Maimakon ya ɓoye tsagin da santsi, sai ya ɓatar da shi cikin hargitsi.

Injin Linotype da jaridu suka dogara da shi tun 1886 ma ba ya yarda harafi ya leƙa gidan wani ko kaɗan. Sauƙi bai zo ba sai da aka koma jera haruffa da haske a kan fim, inda hoton harafi ke iya hawa kan na kusa da shi ba abin da zai karye. Shi ya sa Snell Roundhand, wanda Matthew Carter ya zana wa Linotype ya fito a 1966, yake da muhimmanci: rubutun Snell da ya gagari dalma ya samu shiga.

Wanda ya san rubutun Larabci zai ce ai wannan duk wasan yara ne, kuma yana da gaskiya. A boko haɗa haruffa zaɓi ne na ado, a Larabci kuwa shi ne rubutun. Salon Nasta'aliƙ da ake rubuta Urdu da shi, wanda kalmarsa ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ya gagari inji har jaridun Pakistan suka ci gaba da ɗaukar marubuta suna rubuta shafuka da hannu. Sai a 1981 Ahmed Mirza Jamil da kamfanin Monotype suka fitar da Noori Nasta'aliƙ, kuma dabarar da suka yi ita ce rubuta dubban gungun haruffa a haɗe, kowanne a matsayin abu guda. Wato suka haƙura da jera harafi ɗai-ɗai kwata-kwata.

Harafin da ke duba maƙwabcinsa

Kwamfuta ma da farko ba ta warware komai ba. Tsohon tsarin fayil ɗin haruffa gurbi 256 kawai yake da shi, bai isa a zuba wa kowane harafi siffa uku ko huɗu ba. Da Hermann Zapf ya fitar da Zapfino a 1998, bisa wani rubutu da ya yi tun 1944, sai da aka raba shi fayil-fayil, mai aiki yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan yana tsinto harafi da hannu. Tsarin OpenType, wanda Microsoft da Adobe suka sanar a 1996, shi ya buɗe ƙofa. Fayil guda yana ɗaukar siffofi sama da 65,000, sannan, abin da ya fi muhimmanci, yana ɗauke da ƙa'idoji a cikinsa: in harafi kaza ya zo bayan kaza, a musanya shi da wannan siffar.

A gwada da kalmar “littafi” a zubin haruffa, wato cikakken jerin shiryayyun haruffa na salo guda, mai kyau irin Bickham Script Pro na Richard Lipton, mai siffofi sama da dubu. Kana buga l, ya fito da siffarsa ta farkon kalma. Ka buga i, ka buga t. Da ka ƙara t na biyu, kana kallo siffar ta farkon za ta iya sauyawa, domin t biyu a jere masu sanda iri ɗaya sak su ne ke fara tona cewa inji ne ya yi. Ka zo kan i na ƙarshe ka danna tazara, sai layin da ya miƙa yana jiran harafi na gaba ya janye, ko ya naɗe ya zama ƙarshen kalma. A Zapfino abin har da wasa a ciki: in ka rubuta sunansa cikakke, haruffa bakwai ɗin sukan narke su zama zane guda.

Sai dai wannan hikima ba ta aiki sai manhajar ta ba ta dama. Manhajojin zane na ƙwararru da manhajojin shiga intanet galibi a kunne take. A Microsoft Word kuwa sai mutum ya shiga saitin haruffa ya kunna da kansa, kuma da yawa ba su san da ita ba. Ka ga mutum ya sayi haruffa masu tsada yana amfani da siffa ɗaya cikin biyar, yana mamakin me ya sa nasa bai yi kama da na talla ba.

Inda ake ɓata su

An ce haruffan nuni ne, ma'ana an yi su don a gan su da girma, a 'yan kalmomi kaɗan. Dalilin yana cikin gininsu. Ƙananan baƙaƙensu gajeru ne ƙwarai in aka gwada da manyan, saboda an bar fili ga dogayen sanduna da jela. Edwardian Script na Ed Benguiat, 1994, in ka sa shi a lamba 12 da ake rubuta wasiƙa, zai yi kamar rabin girman harafi na yau da kullum a wannan lambar. Siririn layin kuma yana raguwa tare da harafin har ya kai inda injin bugu ko fuskar waya ba za su iya nuna shi ba. Sai kalmar ta wargaje ta zama sanduna masu kauri tsaye a jere, ba abin da ya haɗa su.

Wannan ya fi tsanani in an juya launi, farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi mai duhu. Tawada tana ɗan bazuwa a takarda, kuma a irin wannan bugu cikin harafin take bazuwa, ta cinye siririn layin. In duhun launin haɗin tawada uku ne ko huɗu, ƙaramin gocewar faranti guda ya isa ya rufe shi ɗungurungum. Haka abin yake a bugun ruwan zinare, da ɗinkin zare a riga, da yankan leda mai manne wa gilashi: kowanne yana da iyakar sirantakar da yake iya ɗauka. Mai hankali yakan tambayi maɗaba'a wannan iyaka kafin ya zaɓi haruffa, ko ya ɗauki zubi mai ɗan kauri tun farko. Abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta an faɗaɗa shi ninki huɗu ba shaida ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi muni, shi ne rubuta kalma duka da manyan baƙaƙe. Babban baƙi a wannan salo an zana shi ne ya buɗe kalma, ya yi ƙawarsa, ƙananan su biyo shi. Ba shi da mahaɗa da ɗan'uwansa babba. In aka jera shida, jelar wannan ta shiga cikin wancan, ba mai iya karantawa sai wanda ya riga ya san abin da aka rubuta. Na biye da shi buɗa tazara tsakanin haruffa. A miƙaƙƙun manyan baƙaƙe buɗa tazara ado ne. A nan kuwa tsinka mahaɗa ne, kowane harafi ya tsaya da ɗan layinsa a miƙe bai kamo komai ba. A shafin intanet ma, da zarar an taɓa tazarar, manhaja takan kashe haɗaɗɗun haruffan da mai zanen ya tanada. Matse tazarar ma ɓarna ce, layuka su hau juna su yi ƙulli. Haka jan harafi a faɗaɗa shi ko a tsawaita shi, da danna maɓallin ƙara kauri ga zubin da ba a zana masa mai kauri ba, da lanƙwasa kalma a kan da'ira mai tsauri: duk mahaɗa da siririn layi suke illatawa.

Jela kuma jaraba ce. Zubin zamani yakan ba ka siffa biyar ko fiye ta harafi guda, wata da jelar da ta zagaye kalmar gaba ɗaya. Sabon shiga yakan kunna duka. A rubutun gwanayen da, lanƙwasa tana zuwa ne inda fili ya samu: farkon layi, ƙarshensa, saman layin farko, ƙasan na ƙarshe. A tsakiyar kalma ba ta da wurin zama. Ni dai in na ga jela fiye da biyu a layi guda, nakan fara zargin ba a zaɓa ba, an dai zuba ne.

Sai maganar rabon aiki. A katin gayyata, sunayen masu biki su ne na haruffan alƙalami. Rana, lokaci, wuri da lambar waya kuwa bayani ne da mutum zai karanta a gurguje, wataƙila a mota, wataƙila da ido mai rauni, don haka miƙaƙƙun haruffa ne nasu. Lambobi a wannan salo suna da ruɗani, 1 da 7 sukan yi kama, manyan I da J da T ma haka. Abokin zaman da ya fi dacewa da su shi ne harafi mai natsuwa wanda ba zai yi gasa ba, ƙanana ko matsakaitan manyan baƙaƙe na salon Roma, ko marar ƙafa mai sauƙi, wato wanda ba shi da 'yan layuka a ƙarshen sandunansa. Zubin alƙalami biyu a shafi guda kuwa kusan kullum faɗa suke, domin kowanne da kusurwar karkatarsa, ido ya rasa wadda zai bi. Allon talla na bakin titi, inda direba ke da daƙiƙa biyu ko uku, ba wurinsu ba ne sai in kalma ɗaya ce da kowa ya sani.

Akwai tarko biyu na zamanin waya da ya kamata a ambata. Na farko, yawancin waɗannan haruffa an zana su ne don harsunan Yammacin Turai. Mai rubutu da harshen Biyetnam ko Polan, ko harshe mai ɓ da ɗ da ƙ, yakan tarar babu harafinsa, sai kwamfuta ta aro shi daga wani zubi, ka ga miƙaƙƙen harafi tsaye ƙiƙam a tsakiyar kalma mai lanƙwasa. Kafin a saya, a buga ainihin kalmomin da za a yi aiki da su a gani. Na biyu, waɗannan “haruffa masu ado” da ake kwafowa a manna a sunan Facebook ko Instagram ba zubin haruffa ba ne sam. Alamomin lissafi ne da aka shigar cikin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, a 2001 don masana lissafi. Injin bincike ba lallai ya gane su a matsayin suna ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ko ta tsallake su ko ta riƙa kiran sunan kowace alama ɗaya bayan ɗaya. Mai gina shafin intanet shi ma yana da nasa: in ya ce wa manhaja ta sa kowane rubutun hannu da ta samu, a kwamfuta mai Windows Comic Sans, haruffa irin na littafin barkwanci, take ɗaukowa, duk alfarmar ta tafi.

Me suke faɗa, kuma wa ke iya karantawa

Ba duk haruffan alƙalami ke magana da murya ɗaya ba. Na tsinin alƙalami suna cewa biki, tsufa, tsada. Na faɗin baki suna cewa ilimi da natsuwa. Na buroshi suna cewa zo mu yi hira. Ɗora na farko a kan tallar gyaran taya, ko na uku a kan sanarwar rasuwa, kuskure ne ko da an bi duk ƙa'idojin da ke sama. Kuma murya tana dushewa da yawan amfani. Lobster na Pablo Impallari ya fito kyauta a 2010, an zana shi da kulawa, da haɗaɗɗun haruffa masu yawa. Cikin 'yan shekaru ya cika ko'ina har masu zane suka fara gudunsa. Laifin ba nasa ba ne. Abin da harafin alƙalami ke sayarwa shi ne jin cewa hannun wani ne ya yi wannan don kai, kuma wannan jin ba ya rayuwa in ka ga hannun a shago goma a titi guda.

Shi ya sa manyan tambura masu wannan salo ba buga su aka yi ba, zana su aka yi. Instagram ya fara da zubin Billabong da kowa ke iya saya, a 2013 ya sa aka sake zana sunan da hannu. Mai zanen tambari na ƙwarai ko ya fara da shiryayyen zubi, yakan mai da kalmar zane, ya gyara kowace mahaɗa, ya bambanta haruffan da suka maimaitu, ya yi wata siffa mai kauri don ƙananan wurare.

Tambayar da ta fi wuya yanzu ita ce ko masu karatu na nan. Ma'aunin karatu na bai-ɗaya da yawancin jihohin Amurka suka ɗauka a 2010 bai sa rubutun haɗe cikin abin da dole a koyar ba. Finlan ta cire shi daga dole a 2016. Wasu sun juyo, Kalifoniya ta yi dokar dawo da shi a 2023, amma an riga an sami tsarar da ta girma tana danna allo. Wanda bai taɓa rubuta r ko s ko z na haɗe da hannunsa ba, siffarsu baƙuwa ce gare shi, domin ba su yi kama da na bugu ba. A 2023 Johnson & Johnson ya ajiye tambarinsa na rubutun hannu da ya yi sama da shekara 130 yana amfani da shi, ya koma miƙaƙƙun haruffa, masu sharhi da dama kuma suka danganta hakan da wannan sauyi.

Coca-Cola bai ajiye nasa ba, kuma ba ya bukata, domin ba karanta shi ake yi ba, gane shi ake yi, har yaron da bai shiga makaranta ba ya san siffarsa. Wannan gata ne na wanda ya shekara fiye da ɗari yana nuna abu guda. Sabon kamfani ba shi da shi. Sunansa baƙo ne, dole a karanta shi harafi bayan harafi, sau da yawa a ɗan hoton da bai fi farcen yatsa ba a fuskar waya, sannan a iya buga shi a injin bincike daidai. Masu zane da ke aiki da irin wannan suna yanzu sukan zaɓi zubin da r da s ɗinsa suka fi kusa da na bugu, su rage karkata, su ƙara tsayin ƙananan baƙaƙe, sannan su miƙa wa wanda bai taɓa jin sunan ba su ce ya karanta da ƙarfi. In ya yi jim kafin ya furta, sai a koma kan harafin da ya tsayar da shi a sake zana shi.